Wuta, Ƙarfe da Maganaɗisu: Daga Maƙerar Ƙanƙara zuwa Ɗakin Bincike

(Jawabin da aka gabatar a taron ɗalibai 'yan asalin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa)



An nemi mu yi magana a kan abin da muke karantawa, da sharaɗin mu faɗe shi da Hausa, mu kuma nuna inda ya taɓa gida. Abin da muka zaɓa shi ne yadda wuta take sauya halin ƙarfe, musamman halinsa na maganaɗisu, watau abin nan da yara ke kira mayen ƙarfe. Mun san wasu za su ce mene ne haɗin wannan da mutumin Sabuwa wanda damuwarsa ita ce ko zai sami damar shiga gonarsa bana. To, a ba mu aron kunne kaɗan.

Bari mu fara da gwajin da kowa zai iya yi a maƙera. A sami maganaɗisu irin wanda 'yan gwangwan ke cirowa daga tsohuwar sifika, a ɗaure shi da waya, a kusantar da shi ga guntun ƙarfe mai sanyi. Nan take zai maƙale. A sa ƙarfen a wuta, a yi ta zuga har ya yi ja wur, a fito da shi da awartaki, a sake kusantar da maganaɗisun. Sai a ga ya yi biris da shi, kamar an miƙa masa itace. In ƙarfen ya ɗan huce, ga shi nan ya sake cafke shi. Wani likitan Sarauniyar Ingila mai suna William Gilbert ya rubuta wannan tun shekarar 1600. A 1895 Pierre Curie na Faransa ya yi awo a tsanake, don haka har yau ake kiran wannan iyaka da sunansa. Iyakar baƙin ƙarfe digiri 770 ce a ma'aunin Salsiyas, ta nikel wajen 358, ta kobalt kuwa ta haura 1,100.

Dalili shi ne, kowace ƙwayar zarra ta baƙin ƙarfe ɗan ƙaramin maganaɗisu ce da kanta, tana da kai da gindi. A cikin sanyi maƙwabta kan juya kawunansu gefe guda, su yi sahu. Amma ba dukkan guntun ƙarfen ne ke bin sahu ɗaya ba. Pierre Weiss ya kawo bayani a 1907 cewa ƙarfe a rarrabe yake unguwa-unguwa, wannan unguwa ta fuskanci gabas, waccan ta fuskanci yamma, sai ƙarfin wannan ya kashe na waccan, shi ya sa ƙusar da aka sayo a kasuwa ba ta jan 'yar'uwarta. Idan aka kawo maganaɗisu kusa, unguwannin da suka dace da shi sai su faɗaɗa, su ci iyakar maƙwabtansu. Zafi kuwa girgiza ne. In wuta ta yi ƙarfi, girgizar ƙwayoyin sai ta rinjayi abin da ke riƙe da sahun, kowa ya kama gabansa, maganaɗisu ya rasa abin kamawa.

Yanzu mu koma ga maƙeri, domin shi ne ya fi mu kusa da wannan al'amari. Ƙira tsohuwar sana'a ce a ƙasar nan. A Taruga, kusa da Abuja, an tono matoyar tama da ta kai shekara 2,500 ko kusa da haka. A Samaru ta Zariya ma masu binciken kayan tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello sun tono irinsu cikin shekarun 1970, waɗanda suka haura shekara dubu. Labarin kafuwar Kano kansa ba ya rabuwa da maƙeran da suka zo neman tama a gindin Dala. Kakanninmu su suke haƙo tama, su narka ta da gawayin ƙirya, su fitar da ƙarfe. Zuwan ƙarfen Turawa mai araha ne ya kashe wannan ɓangare na sana'ar, har aka wayi gari maƙeri ba shi da ma'adini sai tsohuwar mota: sifirin, da gindin tanki, da guntayen rodi.

Duk maƙerin da ya iya aikinsa ya san sifirin mota ya fi rodin gini yin wuƙa da gatari, ko da bai taɓa jin kalmar kabon ba. Kabon shi ne sinadarin gawayi, kuma ɗan abin da ke cikin ƙarfe, wanda bai cika kai kashi 1 cikin 100 ba, shi ke raba ƙarfen da zai yi kaifi da wanda zai lanƙwashe. Idan aka gasa ƙarfe mai kabon ya wuce digiri 727, jerin ƙwayoyinsa yakan fara sauya tsari, sabon tsarin kuma yana haɗiye kabon kamar yadda ruwan zafi ke haɗiye sukari. In aka bar shi ya huce a hankali cikin toka, kabon ya sami lokacin fitowa ya koma mazauninsa, ƙarfe ya yi laushi. In kuwa aka tsoma shi cikin ruwa ko mai farat ɗaya, kabon ya maƙale inda yake, jerin ƙwayoyin ya takure, ƙarfe ya yi tauri ƙwarai, amma da gautsi irin na kwalba. Saboda haka gwani yakan sake ɗumama shi kaɗan, tsakanin digiri 200 da 300, yana kallon launin bakin yana tashi daga ruwan kara zuwa shuɗi, don ya rage gautsin ya bar kaifin.

Ina maganaɗisu ya shigo? Zafin da ake bukata kafin a tsoma irin wannan ƙarfe yana wajen digiri 800 ko sama kaɗan, watau gaba kaɗan da inda maganaɗisu yake sakin ƙarfe. Ashe ke nan maganaɗisun sifika ma'aunin zafi ne wanda ba ya bukatar batir ko kuɗin waje. In ya saki, a ƙara zuga kaɗan, a tsoma. Maƙeranmu da ido suke aunawa, kuma idon dattijon da ya shekara arba'in a gaban uwar maƙera ba abin rainawa ba ne. Sai dai ido yana da mayaudari, wato rana. Jan da ake gani a cikin rumfa mai duhu da safe dabam yake da wanda ake gani a fili da azahar, ko da zafin ɗaya ne. Yaron da ke koyo a bakin kasuwa, cikin hasken rana, yakan bar ƙarfe ya wuce ƙima kafin ya ga jansa. Ƙarfen da ya sha wuta fiye da ƙima kuwa tsabar cikinsa takan yi ɓarje, in an tsoma shi ya tsage, ko ya karye ranar da manomi ya fi bukatarsa. Duk wanda ya taɓa ganin garma ta ɓalle a tsakiyar huɗa, ga shanu a ɗaure, ga ruwa ya sauka, ga kasuwar Sheme sai wani mako, ya san wannan ba ƙaramar asara ba ce.

Abin sha'awa, wutar da ke sauya taurin ƙarfe ita ce ke sauya yadda yake riƙe maganaɗisu. Ƙarfe mai laushi iyakokin unguwanninsa suna zirga-zirga ba tare da cikas ba: yana karɓar maganaɗisu da sauri, yana mantawa da sauri. Wanda aka tsoma kuwa cike yake da kunya-kunya da tuntuɓe a ciki, iyakokin ba sa motsi da sauƙi, don haka yana da wuyar karɓa, amma in ya karɓa ya riƙe. Wannan ne ya sa sukundireba mai kyau in an goga mata maganaɗisu takan daɗe tana ɗaukar ƙusa, alhali guntun rodi ya manta kafin a juya baya. Duniyar lantarki tana bukatar iri biyun. Taransifoma tana son mai mantuwa, domin wutarmu tana kai da komowa sau 50 a daƙiƙa ɗaya, kuma duk wata gardama da ƙarfen cikinta ya yi zafi take zama, zafin kuwa kuɗi ne ke ƙonewa. Sifika da injin babur mai caji suna son mai riƙo.

Daga nan ne masana suka shiga neman yadda za su tsara cikin ƙarfe da gangan. Robert Hadfield na Ingila ya nuna a wajen 1900 cewa ɗan silikon yana kyautata ƙarfen taransifoma. A 1934 wani Ba'amurke, Norman Goss, ya samar da hanyar murza faranti da gasa shi bi da bi har tsabar cikinsa ta jeru fuska guda. A ɗaya ɓangaren, mutanen Japan suka yi fice: Kotaro Honda a 1917, sai Tokushichi Mishima a 1931 da gaurayen baƙin ƙarfe da nikel da alminiyam, wanda da aka ƙara masa kobalt ya zama abin da ake kira Alnico. Shi wannan gauraye in an zuba shi kawai aka bari, ba wani abin kirki ba ne. Sirrinsa yana cikin wuta. A gasa shi ya wuce digiri 1,200 har komai ya gauraya, a sanyaya shi da ƙa'ida a tsakanin manyan maganaɗisai, sa'an nan a riƙe shi a wajen digiri 600 na sa'o'i masu yawa. Cikin wannan lokaci sai gaurayen ya rabu gida biyu da kansa: 'yan siraran allurai masu yawan baƙin ƙarfe da kobalt, kwance cikin wata ƙasa ta nikel da alminiyam wadda ba ta da ƙarfin maganaɗisu sosai. Kowace allura ta yi ƙanƙanta da yawa har ba ta da filin da za ta rabu unguwa biyu, kuma duk sun kwanta fuska guda. Kayan haɗi ɗaya ne, abin da ya bambanta shi ne wane zafi, na tsawon wane lokaci.

Wannan ya kawo mu ga ainihin abin da muke son bayyanawa, wato gaurayen ƙarfe mai tsaba. Akwai ƙarafan da ba sa jituwa, misali kobalt da jan ƙarfe, kamar dai mai da ruwa. Ana iya tilasta musu zama tare in an sanyaya narkakken gaurayensu da saurin da ya kai digiri miliyan a daƙiƙa ɗaya, ta hanyar feso shi a kan gangar jan ƙarfe mai juyawa, ko kuma a shimfiɗa su ƙwaya-ƙwaya a kan faranti mai sanyi. A wannan hali kobalt a warwatse yake, bai sami damar neman ɗan'uwansa ba. To, sai a fara ɗumama abin. Da zafi ya ba ƙwayoyin damar motsi, sai kobalt ya fara taruwa, kamar yadda man shanu ke dunƙulewa a cikin gora in Bafulatana tana kaɗa nono. Da farko 'yan mitsi-mitsi ne, nanomita biyu ko uku. Don a gane ƙanƙantar, kaurin gashin kai ɗaya ya kai nanomita dubu 50 zuwa dubu 100.

Abin da ke faruwa yayin da tsabar ke girma shi ne ya ɗauki hankalin masana. Louis Néel na Faransa, wanda ya sami lambar Nobel a 1970, ya bayyana tun 1949 cewa in tsaba ta yi ƙanƙanta ainun, ɗumin ɗaki kaɗai ya isa ya riƙa juya kanta gaba da baya ba kakkautawa. Tana amsa kiran maganaɗisu, amma da an janye shi ta manta. In aka ƙara wuta ta ɗan girma, sai ta yi nauyin da ɗumin ɗaki ba ya iya juya ta, kuma har yanzu unguwa guda ce: nan ne riƙonta ya fi ƙarfi. In aka zarce, tsaba ta haɗiye tsaba, ta yi girman da za ta rabu unguwanni, riƙon ya sake faɗuwa. Watau abin yana da ƙololuwa, a hau a kuma gangara. Kowace mai tuya ta san wannan: akwai lokacin da ƙosai bai soyu ba, akwai lokacin da ya yi, akwai lokacin da ya ƙone, kuma ba a mai da ƙonanne baya.

A 1988 Albert Fert a Faransa da Peter Grünberg a Jamus, kowa a nasa ɗakin bincike, suka gano cewa in an jera siraran shimfiɗu na baƙin ƙarfe da kuromiyam, maganaɗisu yana iya sauya yadda lantarki ke ratsa su da yawa fiye da abin da aka saba gani. An ba su lambar Nobel a 2007. A 1992 ƙungiyoyi biyu a Amurka, ta Ami Berkowitz a San Diyego da ta Chia-Ling Chien a Jami'ar Johns Hopkins, suka nuna cewa ba lallai sai an jera shimfiɗu ba, tsabar kobalt a cikin jan ƙarfe ma tana yin haka. Idan kawunan tsabar suna fuskantar ko'ina, lantarki yana shan tuntuɓe a bakin kowace tsaba. In maganaɗisu ya jera su, hanya ta buɗe. A nan ma wuta ce alƙali. Gaurayen da ba a gasa ba tasirinsa kaɗan ne, wanda aka gasa daidai, galibi tsakanin digiri 400 da 500, ya fi kowanne, wanda aka bari ya daɗe kuwa tsabarsa ta yi girma, bakin da lantarki ke karo da shi ya ragu, tasirin ya dushe. Mu faɗi gaskiya, mai shimfiɗu ne ya shiga kasuwa, kamfanin IBM ya sa shi cikin ma'ajiyar kwamfuta a 1997. Amma faifan da ake ajiye bayanan a kansa shi kansa gauraye ne mai tsaba, kowace a killace da katangarta.

Wani zai ce to, wannan aikin masu abin hannu ne. Mu duba abin da ke kewaye da mu. Akwai masu sake naɗin injin lantarki a Funtuwa da Malumfashi, kuma ba don su ba da injinan niƙa da famfunan rijiyar burtsatse da yawa sun zama gwangwan. Amma wata al'ada da ta zama ruwan dare a wannan sana'a ita ce a cinna wa cikin inji wuta don a ƙone tsohuwar waya a zare ta da sauƙi. Cikin injin nan siraran farantai ne, kowanne da ɗan shafi mai hana lantarki tsallakawa zuwa na kusa. In wutar ta zarce wajen digiri 400, shafin yana iya lalacewa. Injin zai tashi, mai shi ya biya ya tafi yana murna, amma daga ranar zai riƙa yin zafi, yana shan wuta ko fetur fiye da da, ya kuma mutu da wuri, ba wanda zai danganta mutuwar da waccan wuta. Haka maganaɗisun zamani na niyodimiyam, wanda Masato Sagawa da John Croat suka bayyana a farkon shekarun 1980, wanda ke cikin famfuna masu aiki da hasken rana. Shi ne mafi ƙarfi, amma shi ne mafi tsoron zafi: matsakaicinsa yakan fara raunana da ya wuce digiri 80. Mai walda da ya kai wuta kusa da shi ya gama da shi, ko da a ido ba a ga komai ba.

Sa'an nan ga farar ƙasar Ƙanƙara, wadda masana ke kira kawolin. An daɗe ana kwasarta a buhuna, kuma an yi nazarinta sau da yawa a Jami'ar Ahmadu Bello. Da irinta ake yin bulo mai jure wuta wanda ake shimfiɗa wa tanderun narka ƙarfe, kuma ɗaya daga cikin hanyoyin tsarkake ta shi ne a bi da ita ta cikin maganaɗisu mai ƙarfi ya tsince tsatsar da ke ɓata farinta. Mu dai ɗanya muke sayarwa.

Ba a ce gwamnati ba ta taɓa tunanin ƙarfe ba. A 1979 aka ƙulla yarjejeniyar gina Ajakuta da wani kamfanin Tarayyar Sobiyat, a 1982 aka buɗe masana'antar Alaja, aka kuma gina masana'antun murza ƙarfe uku a Jos da Oshogbo da Katsina. Ta Katsina an shirya ta fitar da kimanin tan dubu 200 na rodi da waya a shekara, amma ta dogara da sandunan da za a kawo mata daga kudu, da suka yanke sai ta tsaya, daga baya aka sayar da ita ga 'yan kasuwa. Babban tanderun Ajakuta kuwa har yau bai zubo ƙarfe ba. A namu ganin, ko da duk sun yi aiki, da sauran rina a kaba, domin tunanin ya tsaya ne a kan yawan tan. Rodi shi ne mafi arhar abin da ake yi da ƙarfe. Farantin taransifoma da maganaɗisu sun ninka shi daraja, kuma abin da ya ƙara musu darajar shi ne sanin zafi da lokaci, abin da ake koya a makaranta da gaban tanderu.

A nan ne abin yake mana ciwo. Makarantar da aka kafa a Ƙanƙara don ta koyar da kimiyya ita ce 'yan bindiga suka afka wa a daren 11 ga Disamba, 2020, suka kwashe ɗalibai, aka sako 344 bayan kwana shida. Waɗannan yara su ne ya kamata su zauna a kujerun da muke zaune. Shekarun da aka yi ana fama da wannan masifa sun raba manoma da yawa da gonakinsu a Faskari da Sabuwa, kuma in manomi bai je gona ba maƙeri ba ya ciniki, in maƙeri ba ya ciniki ɗansa ya ajiye masaba ya tafi birni neman babur. Dattijon da ya san launin ƙarfe yana tafiya da saninsa, ba a rubuta ba.

Don haka muna da roƙo, kuma ba mai tsada ba ne. 'Yan'uwanmu masu karatun kimiyya da injiniya, in an zo zaɓen aikin shekarar ƙarshe, wani ya ɗauki maƙerar garinsu. A je wurin Sarkin Maƙera da ladabi, a nemi izini, domin su ne masu sana'a, mu baƙi ne. A yanko sifirin ɗaya gida goma, a tsoma wasu yadda maƙerin ya saba, wasu a daidai inda maganaɗisu ya saki, wasu bayan an ƙara zuga, rabi a ruwa, rabi a mai. A kawo su makaranta a auna taurinsu, a karya su a duba tsabar, a rubuta sakamakon da Hausa, da boko da ajami, a mayar wa masu shi. Mai yiwuwa ne a tarar idon dattijon ya fi maganaɗisun daidai, in haka ne ma an ƙaru, sai a rubuta yadda yake yi. Abu ɗaya za a kiyaye: maganaɗisun sifika shi ma yana da tasa iyakar, wajen digiri 450, saboda haka taɓawa ake yi a janye, ba a barinsa jikin jan ƙarfe.

Ku kuma yayyenmu da ke ma'aikatun ilmi da na aikin gona da na ƙananan hukumomi, a hannunku takardun sayen kaya suke bi. In an zo sayen garemani da fartanyoyi don rabawa manoma, a saka sharaɗin gwada taurin bakinsu kafin a biya, a kuma ba maƙeran gida damar shiga. In ana rubuta kayan ɗakin gwaji na makarantun sakandare, a tuna da ƙaramin tanderu mai ma'aunin zafi wanda zai kai digiri 1,000. Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da ta Dutsin-ma da Kwalejin Hassan Usman duk suna cikin jihar nan, kuma Cibiyar Bunƙasa Ƙarafa ta Ƙasa tana Jos ga wanda yake bukatar awon da ya fi ƙarfinmu.

Shugaban taro, mun zo da guntun sifirin biyu daga mota ɗaya, ɗaya an tsoma shi, ɗaya an bar shi ya huce cikin toka, duka an goga musu maganaɗisu jiya da dare. Suna nan a kan tebur tare da 'yan ƙusoshi, ga wanda yake son gwadawa bayan an tashi.